SIR PERCY GIROUARD: GWAMNAN DA YA KAI DOGO KANO

Da yawa daga cikinmu mazauna Ikko da Badun da Agege, ko mu ko iyayenmu, jirgin ƙasa ne ya kawo mu Kurmi. To, amma in aka tambaya wa ya kai dogo Kano, kaɗan ne za su iya ba da amsa. Yau ga tarihin mutumin, watau Sir Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a mulkin Arewa.

An haife shi a birnin Montreal na ƙasar Kanada ran 26 ga Janairu, 1867. Ubansa lauya ne wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli ta ƙasarsu. Ya gama makarantar soja ta Kingston cikin 1886, ya yi shekara biyu yana aikin reluwe, sa'an nan ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Ingila cikin 1888. Daga 1890 zuwa 1895 shi ke lura da jiragen ma'aikatar makamai ta Woolwich, inda akwai dogon da faɗinsa inci 18 ne kacal. Can ya san cewa ɗan siririn dogo, in an tsara shi sosai, yana iya jan kaya mai nauyi.

Sunansa bai fito ba sai a Sudan. Cikin 1897 Janar Kitchener ya ɗora masa aikin shimfiɗa dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, tafiyar mil ɗari biyu da ɗoriya cikin hamada, inda ruwan da kan jirgi zai sha ma sai an ɗauko shi a tarago. Kafin shekarar ta ƙare aiki ya kammala. Faɗin wannan dogo ƙafa 3 da inci 6 ne, irin na Afirka ta Kudu. Amma fa kada mu manta, hanyar yaƙi ce: ita ta kai soja da igwa aka ci Omdurman cikin 1898. Daga nan ya shugabanci reluwen Masar, kuma ya riƙe jiragen soja a yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902.

Cikin 1907 aka aiko shi Zungeru, hedkwatar Arewa ta wancan zamani. Dogon da ya tarar a ƙasar duka bai wuce mil 22 ba, daga Barijuko a bakin kogin Kaduna zuwa Zungeru, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6. Lugga ne ya sa aka yi shi. Girouard ya ga wannan ba zai ɗauki kayan ƙasar Kano ba, sai aka tsai da shawara a kan ƙafa 3 da inci 6, daidai da dogon da ke tahowa daga Ikko. Aka zaɓi Baro a bakin Kwara don ta zama mafari, saboda in kogi ya cika jiragen ruwa suna iya kawo ƙarafa da kawunan jirgi har can. Injiniya John Eaglesome ya riƙe aikin. Dogo ya bi ta Minna da Kaduna da Zariya, mil 356, ya shiga Kano cikin 1911 zamanin Sarki Abbas.

To, su wa suka haƙa ƙasar? Talakawa ne. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane ƙauye ƙauye, Nufawa da Gwarawa da Hausawa, ko suna so ko ba sa so. Ana biyansu ɗan kuɗi, amma da yawa sun bar gonakinsu ba da son ransu ba. Arahar da aka yi ta yabon wannan dogo da ita, guminsu ne ya biya ta.

Shi kansa Girouard bai ga ranar da jirgi ya shiga Kano ba. Cikin 1909 aka mai da shi Gwamnan ƙasar da yanzu ake kira Kenya. Can rigima ta tashi a kan tayar da ƙabilar Masai daga makiyayarsu don a ba Turawa, har ya ajiye aiki cikin 1912. Ya koma Ingila ya shiga kamfanin ƙera makamai, ya mutu a Landan ran 26 ga Satumba, 1932.

Da yake faɗin dogon biyu ɗaya ne, da aka haɗa su a Minna sai Kano ta sadu da Ikko. Gyaɗa da fatu da shanu suka gangaro, goro ya hau. Fataken da a da suke yin wata da watanni da jakuna zuwa Gwanja suka koma sayen tikiti. Zangunanmu na Kudu suka cika, aka kafa Sabo ta Badun cikin 1916.

Saboda haka, in ka ga tsohon kan jirgi mai aiki da tururi an kafe shi a wata tasha, ga yadda za ka san asalinsa. Duba farantin tagulla da ke jikinsa, in ɓarayi sun bar shi, za ka ga sunan maƙera da lamba da shekara. In babu, auna tsakanin ƙafafunsa. In ƙafa 3 da inci 6 ne, na babban dogo ne. In ƙafa 2 da inci 6 ne, to, ko dai na Zungeru ne, kamar wanda aka ajiye a tashar Minna, ƙirar kamfanin Hunslet na Ingila, ko kuwa na ƙaramin dogon kuza da ya tashi daga Zariya ya kai Bukuru cikin 1914, aka rufe shi cikin 1957.

Waɗannan ƙarafa ba bola ba ne, shaidu ne. Sunan Gwamna yana cikin littattafai, amma kakanninmu da suka ɗauki ƙasa a ka ba su da wata alama sai su. Ya kamata a tsare su kada su faɗa hannun 'yan gwangwan.