Louis Brandeis: Alƙalin da aka shafe kwana 125 ana taƙaddama a kansa

Duk lokacin da gurbi ya samu a Kotun Ƙolin Amurka, ƙasar kan ɗauki zafi kamar ana daf da zaɓe. Jam'iyyu kan ja daga, jaridu su shiga tonon silili, sanatoci kuma su zaunar da wanda aka zaɓa a gaban talabijin suna yi masa ruwan tambayoyi. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka wannan al'ada ta soma ne da Robert Bork, wanda Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da shi a 1987 da ƙuri'a 58 da 42. Alhali kuwa tushen abin ya girmi Bork da shekara 71. A 1916 aka fara buɗe ƙofa jama'a suka saurari shaidu a kan wanda ake so a naɗa alƙalin wannan kotu, kuma mutumin da aka yi wannan dambarwa a kansa shi ne Louis Dembitz Brandeis. Tarihinsa ya cancanci a waiwaye shi, musamman a wurinmu da muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka tun 1979.

An haifi Brandeis ranar 13 ga Nuwamba 1856 a garin Louisville na jihar Kentucky. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga birnin Prague bayan murƙushe juyin juya halin da ya girgiza Turai a 1848. Mahaifinsa fataken hatsi ne mai rufin asiri. Yana matashi iyalin suka koma Turai na ɗan lokaci, ya yi karatu a birnin Dresden na Jamus, sannan ya dawo ya shiga makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Harvard a 1875 ba tare da ya riƙe digirin farko ba. Ya kammala a 1877 yana ɗan shekara 20, da sakamakon da aka shafe shekaru masu yawa ba a samu wanda ya kamo shi ba. A 1879 ya buɗe ofishin lauyoyi a Boston tare da abokin karatunsa Samuel Warren, kuma cikin 'yan shekaru ya zama ɗaya daga cikin lauyoyin da 'yan kasuwa suka fi nema. A 1890 su biyun suka wallafa wata maƙala a mujallar shari'a ta Harvard a kan 'yancin mutum na a ƙyale shi da sirrinsa, maƙalar da har yau ake komawa gare ta duk lokacin da aka tayar da zancen leƙen asirin jama'a.

Da Brandeis ya tsaya a nan, da ya mutu attajiri ba tare da maƙiya ba. To amma da ya tara abin da zai ishe shi, sai ya soma karɓar shari'o'in jama'a kyauta, har aka riƙa yi masa laƙabi da lauyan talakawa. Ya ja da kamfanonin sufuri da na iskar gas a Boston. Ya tona yadda kamfanonin inshora ke tatsar ma'aikata, ya kuma fito da tsarin da ya bai wa bankunan ajiya damar sayar da inshorar rai mai rahusa, wanda jihar Massachusetts ta mayar doka a 1907. Ya shafe shekaru yana yaƙar kamfanin jirgin ƙasa na New Haven, wanda gidan kuɗin J. P. Morgan ke juyawa, yana cewa littattafan kuɗinsa ba su da lafiya. Daga bisani kamfanin ya kasa biyan ribar masu hannun jari, maganarsa ta tabbata.

A 1908 ya yi abin da ya sauya salon aikin lauya a Amurka. Jihar Oregon ta kafa dokar da ta taƙaita aikin mata a masana'antu da gidajen wanki zuwa awa 10 a rana, wani mai gidan wanki ya ƙalubalance ta har Kotun Ƙoli. Brandeis ya gabatar da takardar hujjoji da shafi biyu kacal na cikinta ne suka yi maganar doka, sauran shafuka fiye da 100 kuwa rahotannin likitoci ne da na masu binciken masana'antu, waɗanda ƙanwar matarsa Josephine Goldmark ta taimaka wajen tattarawa. Kotu ta tabbatar da dokar. Darasin da ya koyar shi ne alƙali ba zai iya yin adalci ba idan bai san yadda mutane ke rayuwa a ƙarƙashin dokar da yake fassarawa ba.

Akwai kuma wata ƙullalliya da ya shuka a 1910. A wani binciken majalisa kan Sakataren Harkokin Cikin Gida, Richard Ballinger, game da filayen kwal na Alaska, Brandeis ya bankaɗo cewa gwamnatin Shugaba William Howard Taft ta mayar da kwanan watan wata takarda baya domin ta nuna kamar an yi nazarinta kafin a wanke Ballinger. Taft ya ji kunya, bai kuma manta ba. A 1912 Brandeis ya zama mashawarcin Woodrow Wilson, wanda ya kayar da Taft a zaɓen wannan shekara, ya kuma sa hannu wajen tsara dokar babban bankin Amurka ta 1913 da hukumar sa ido kan cinikayya ta 1914. A shekarar 1914 ɗin ne ya wallafa littafinsa a kan yadda masu bankuna ke juya kuɗin mutane su mallake masana'antu.

Saboda haka, da Wilson ya aika da sunansa Majalisar Dattawa ranar 28 ga Janairu 1916 domin ya maye gurbin Mai Shari'a Joseph Lamar da ya rasu, sai duk waɗanda ya taɓa taka wa ƙafa suka haɗa kai. Taft, wanda shi kansa ya daɗe yana kwaɗayin kujerar Kotun Ƙoli, ya sa hannu a wata wasiƙa tare da Elihu Root da wasu tsofaffin shugabannin Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, suna cewa Brandeis bai dace da kujerar ba. Shugaban Jami'ar Harvard, A. Lawrence Lowell, shi da wasu manyan Boston su 54 suka aika da tasu takardar ƙorafi. Tsarin mulkin Amurka ya bai wa shugaban ƙasa ikon zaɓen alƙalan tarayya, amma sai da shawara da yardar Majalisar Dattawa, kuma kafin wannan lokaci akan tattauna irin wannan batu ne a asirce, sau da yawa a gama cikin 'yan kwanaki. A wannan karo ƙaramin kwamitin shari'a ya buɗe zama a bainar jama'a a watan Fabrairu, aka riƙa kiran shaidu tamkar ana shari'ar mai laifi.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin kalmomin da aka yi amfani da su. Masu adawa ba su fito suka ce sun ƙi shi ne saboda ya hana su cin riba ba, kuma kaɗan ne suka ambaci addininsa a fili. Abin da suka riƙa nanatawa shi ne ba shi da natsuwar alƙali, kuma abokan sana'arsa ba su amince da shi ba. Irin waɗannan kalmomi suna da daɗin amfani ga ɗan siyasa, domin ba a iya tabbatar da su, ba a kuma iya ƙaryata su. Amma ba duk tuhumar ce ta kasance fanko ba. An tuna cewa ya taɓa zama lauya kuma darakta a wani babban kamfanin injinan haɗa takalma, ya ajiye aiki, daga baya ya tsaya tare da masu ƙalubalantar kamfanin. Wani kwamishinan jiragen ƙasa na jihar Iowa, Clifford Thorne, wanda ma ɗan rajin sauyi ne, ya zarge shi da sassautawa ga kamfanonin jirgin ƙasa a wata shari'ar kuɗin dako. Haƙiƙa Brandeis yana da ɗabi'ar ɗaukar kansa a matsayin mai warware matsalar kowa maimakon mai kare ɓangare guda, kuma wannan ɗabi'a abin tambaya ce ga lauya. Sai dai bayan makonni ana sauraron shaidu, ba a tabbatar da cin amana ko rashawa a kansa ba.

Shi kansa bai bayyana gaban kwamitin ba, domin a wancan zamani ana ganin hakan zubar da girma ne. Abokin aikinsa Edward McClennen ne ya tare a Washington yana amsa zarge-zargen, shi kuma yana aiko da takardu daga Boston. Tsohon shugaban Harvard, Charles Eliot, ya goyi bayansa, haka ma mafi yawan malaman makarantar lauyoyin jami'ar. Wilson, wanda zaɓe ke gabansa a watan Nuwamba kuma yake buƙatar ƙuri'un 'yan rajin sauyi da na ma'aikata, ya matsa wa sanatocin jam'iyyarsa lamba. Kwamitin shari'a ya amince da ƙuri'a 10 da 8, kowa ya bi layin jam'iyyarsa. Ranar 1 ga Yuni 1916, bayan kwana 125, Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi da ƙuri'a 47 da 22. 'Yan Republican uku ne kawai suka mara masa baya, cikinsu har da Robert La Follette da George Norris, ɗan Democrat ɗaya kuma ya ƙi. Da haka ya zama Bayahude na farko a Kotun Ƙolin Amurka. Abin lura a nan shi ne abin da ya raba gardamar ƙarfin jam'iyya ne. Da 'yan Republican ke da rinjaye, da wuya ya tsallake, komai cancantarsa.

Ya shafe kusan shekara 23 a kotun, kuma bai samu sauƙi daga kowa ba. Abokin aikinsa James McReynolds, wanda ƙiyayyarsa ga Yahudawa ba ɓoyayya ba ce, yakan fice daga ɗakin shawara idan Brandeis ya soma magana. Taft kuwa ya zama Alƙalin Alƙalai a 1921, kuma abin mamaki, zama wuri ɗaya ya sa su biyun suka koma mutunta juna, ko da yake sun ci gaba da saɓawa a kan doka. A 1928, a shari'ar Olmstead, Taft ya rubuta hukuncin masu rinjaye cewa 'yan sanda na iya satar sauraron wayar tarho ba tare da izinin kotu ba, Brandeis ya ƙi, yana gargaɗin cewa kimiyya za ta bai wa gwamnati hanyoyin leƙen asiri da ba a taɓa zato ba. Sai a 1967 kotun ta dawo kan ra'ayinsa. Haka nan abin da ya rubuta a 1927 a shari'ar Whitney, cewa maganin mummunar magana shi ne a amsa ta da magana muddin akwai lokacin yin haka, shi ya zama ginshiƙin hukuncin 1969 da ya faɗaɗa 'yancin faɗar albarkacin baki. A 1932 ya kare haƙƙin jihohi na gwada sababbin dabarun tattalin arziki ba tare da kotu ta ɗaure musu hannu ba.

Mutumin da aka ce ba shi da natsuwar alƙali shi ne kuma ya ƙi bin son ran abokansa na siyasa. A 1935 ya shiga cikin alƙalan da suka soke babbar dokar farfaɗo da masana'antu ta Shugaba Franklin Roosevelt, saboda ya tsani tara iko a hannu ɗaya, na kamfani ne ko na gwamnati. Da Roosevelt ya nemi ƙara yawan alƙalan kotun a 1937 domin ya samu rinjaye, da hujjar cewa tsofaffi sun kasa aiki, Brandeis, mai shekara 80 a lokacin, ya amince da wasiƙar da Alƙalin Alƙalai Charles Evans Hughes ya aika wa Sanata Burton Wheeler, wadda ta taimaka wajen rusa shirin.

Duk da haka, ba a rasa nono a ruga, shi ma tarihinsa ba a rasa tabo a cikinsa. Ya goyi bayan hukuncin 1927 da ya halatta wa jihar Virginia dandaƙe waɗanda ta ɗauka masu raunin hankali ne. Bai taɓa ɗaga murya a kan wariyar da ake nuna wa baƙar fata ba, hasali ma ya bi sahun kotu a hukunce-hukuncen da suka bar wariyar yadda take. Ya jagoranci ƙungiyar Sahayoniyawa ta Amurka daga 1914, ya kuma ci gaba da tasiri a cikinta yana kan kujerar alƙalanci, lamarin da ya shafi makomar Falasɗinawa. A 1982 wani bincike ya fito da cewa ya shafe fiye da shekara 20 yana bai wa Farfesa Felix Frankfurter kuɗi a asirce domin ya tallafa wa manufofin da shi alƙali bai isa ya fito ya kare ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da masu adawa da shi na 1916 suka hango, domin idonsu yana kan aljihunsu ne.

Ya yi ritaya ranar 13 ga Fabrairu 1939, ya mutu a Washington ranar 5 ga Oktoba 1941. A 1948 aka kafa jami'a da sunansa a jihar Massachusetts. Ƙofar da aka buɗe a kansa kuwa ta ƙara buɗewa sannu a hankali. Harlan Stone ya bayyana gaban sanatoci da kansa a 1925, daga 1955 hakan ya zama al'ada. A 2016 masu rinjaye suka ƙi ko sauraron Merrick Garland har tsawon kwana 293, a 2017 aka soke ƙa'idar neman ƙuri'a 60 kafin a rufe muhawara kan alƙalan Kotun Ƙoli, a 2018 kuma Brett Kavanaugh ya tsallake da ƙuri'a 50 da 48.

Sashe na 231 na tsarin mulkinmu na 1999 ya ɗora wa Majalisar Dattawan Nijeriya irin wannan nauyi, bayan Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a ta ba da suna, shugaban ƙasa ya naɗa. Labarin Brandeis na nuna mana cewa tantancewa a bainar jama'a abu ne mai kyau, domin ita ce ta fallasa raunin zarge-zargen da aka yi masa, abin da zaman sirri ba zai yi ba. Yana kuma nuna cewa amfaninta ya dogara ne ga irin tambayoyin da aka yi. Idan sanatoci suka shagala da ramuwar gayya, ko suka wuce da suna ba tare da bincike ba, sakamakon ɗaya ne: ba a auna abin da ya kamata a auna ba, wato ilimin mutum, da tsabtar hannunsa, da ko zai iya saɓa wa wanda ya naɗa shi ranar da gaskiya ta buƙaci haka. A kan wannan ma'auni na ƙarshe, Brandeis ya ci jarrabawa a 1935 da 1937, kuma shi ne abin da ya kamata mu nema ga duk wanda za a miƙa wa kujerar da babu ɗaukaka ƙara a bayanta.