Julius Nyerere, Malamin da Ya Riƙe Amana

An haifi Julius Nyerere a Butiama, cikin Tanzaniya ta yau, a 1922. Ya koyar a makarantun mishan kafin ya zama shugaban ƙasa a 1962. A 1967, ta Sanarwar Arusha, ya hana ministoci mallakar hannun jari a kamfani, ko ba da gidaje haya, ko karɓar albashi biyu. Ya san cewa naɗa mai neman riba a kan dukiyar jama'a, ba wa kura ajiyar nama ne. Tsarinsa na Ujamaa bai wadata ƙasar ba, amma shi kansa bai tara dukiya ba. Ya sauka don raɗin kansa a 1985, ya rasu a 1999. Ɗalibai, gobe ku ne masu riƙon amanar nan.