Tischendorf: Shaihun Malamin Da Ya Ari Littafi Bai Mayar Ba

Duk ɗalibin da ya yi nisa a karatun Linjila har ya kai ga karanta ta cikin Girkanci, watau harshen da aka fara rubuta ta da shi, ba zai rasa cin karo da sunan Constantin Tischendorf ba. Bajamushe ne, shaihun malami a Jami'ar Leipzig, wanda ya yi shekara talatin da 'yan kai yana bin ɗakunan ajiye littattafai na Turai da Gabas ta Tsakiya, yana tono tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Turawa suna lissafa shi cikin manyan malaman ƙarni na 19. Amma a gindin Dutsen Sina'i, inda ya samo littafin da ya ɗaukaka sunansa, an daɗe ana tuna shi a kan mutumin da ya karɓi aro bai mayar ba.

An haife shi ran 18 ga watan Janairu 1815 a wani ƙaramin gari da ake kira Lengenfeld, cikin ƙasar Saxony, wadda a lokacin take da sarkinta, don Jamus ba ta haɗu ta zama ƙasa guda ba tukuna. Ubansa likita ne. Ya yi karatun sakandare a Plauen, inda ya sha Latin da Girkanci, cikin 1834 kuma ya shiga Jami'ar Leipzig. A can ya zauna gaban wani malami mai suna Georg Winer, gwanin nahawun Girkancin Sabon Alkawari. Ya sami digirin dakta a 1838, ya ɗan taɓa koyarwa a wata makaranta kusa da birnin, a 1840 aka ba shi izinin karantarwa a jami'a.

Ya kamata mai karatu ya san matsalar da wannan saurayi ya sa a gaba. Kafin a ƙago injin ɗab'i, da hannu ake juya littafi, wani ya kwafa daga wani. Marubuci kuwa ɗan Adam ne. Ido ya kan tsallake layi, ko ya maimaita kalma, wani lokaci ma sharhin da wani ya yi a gefen shafi sai mai kwafa na gaba ya ɗauka cikin nassi yake, ya shigar da shi. Da Erasmus ya buga Sabon Alkawari na Girkanci cikin 1516, kwafin hannu da ya dogara da su ba su kai goma ba, kuma an rubuta su fiye da shekara dubu bayan zamanin Annabi Isa. A kan wannan bugu da 'ya'yansa aka yi manyan fassarori na Jamusanci da Ingilishi, aka yi ta tafiya haka shekara ɗari uku. Cikin 1831 wani malamin Berlin, Karl Lachmann, ya nuna cewa a koma ga kwafi mafi tsufa. To, amma kwafin nan suna warwatse, waɗansu ba a karanta su sosai ba, waɗansu ma ba a san da su ba. Wannan giɓi ne Tischendorf ya ɗaura aniyar cikewa.

Cikin watan Oktoba 1840 ya tafi Faris da ɗan guzurin da bai taka kara ya karya ba. A babban ɗakin littattafai na birnin akwai wani littafin fata wanda ya gagari malamai. An rubuta Littafi Mai Tsarki a kansa cikin ƙarni na 5. Can wajen ƙarni na 12, da yake fata tana da tsada, sai aka wanke rubutun aka kankare shi, aka rubuta huɗubobin wani waliyyin Siriya, Ifraimu, a bisansa. Rubutun farko bai ɓace ƙurmus ba, ya saura dishi-dishi ƙarƙashin na biyu. 'Yan shekaru kafin zuwansa an shafa wa fatar wani sinadari don a fito da shi, abin da ya ƙara ɓata waɗansu shafuffuka. Yaron nan ɗan shekara 25 ya duƙufa a kai fiye da shekara biyu, yana bin baƙi ɗaya ɗaya, yana ɗaga warƙa ga haske, har ya karanta kusan dukan warƙoƙin nan 209. Ya buga sashen Sabon Alkawari a 1843, na Tsohon Alkawari a 1845. Jami'ar Breslau ta ba shi digirin girmamawa. Ko da a ce daga nan bai ƙara yin komai ba, wannan aiki ya isa a san shi.

Daga Faris ya zaga Holan da Ingila da Italiya, ya haye zuwa Masar. Cikin watan Mayu 1844 ya isa gidan ruhubanawa na Santa Katarina a kan raƙumi. Gidan yana gindin dutsen da ake kyautata zaton nan ne Allah ya yi magana da Annabi Musa. Sarkin Rum Justinian ya gina shi cikin ƙarni na 6, ga ganuwa mai tsawo, har da masallaci a cikinta tun zamanin Faɗimawa. A wancan lokaci baƙo da igiya ake jan sa zuwa wata ƙofa can sama.

Bisa ga labarin da shi Tischendorf ya bayar, ya ga wani babban kwando cike da tsofaffin fatu, aka shaida masa cewa irinsu kwando biyu sun riga sun tafi wuta. Ya duba, sai ga warƙa 129 na Tsohon Alkawari cikin Girkanci, da rubutun da bai taɓa ganin wanda ya fi shi tsufa ba. Zumuɗinsa ya sa ruhubanawan suka farga, suka bar masa 43 kawai. Wannan labari daga bakinsa kaɗai ya fito. Mutanen gidan sun musa shi, malamai da dama kuma sun yi tambaya: fata ba ta ci da wuta kamar itace, sai ƙauri, kuma yaya za a zubar da warƙoƙin da ba su lalace ba? Bugu da ƙari, wani babban limamin Rasha, Porfiri Uspenski, ya ziyarci gidan a 1845, aka nuna masa littafin, ya bayyana shi. Abin da aka yasar a shara ba a kan fito da shi a nuna wa baƙo.

Ya koma gida da warƙoƙinsa 43, ya buga su a 1846 da sunan Sarkin Saxony Frederick Augustus, amma ya ɓoye inda ya samo su, don kada wani ya riga shi ga saura. A 1845 ya yi aure, jami'a kuma ta ɗaga shi zuwa mataimakin shaihun malami. Ya koma Sina'i a 1853, ya dawo kusan hannu rabbana, sai wani ɗan guntu mai layuka kaɗan na Littafin Farawa. Zamani ne da Turawa suka bazu duniya neman tsofaffin littattafai. A cikin shekarar ce ma wani Bajamushen, Heinrich Barth, ya zauna a Gwandu yana kwafar sassan Tarihin Sudan.

Tafiya ta uku Sarkin Rasha Alexander na Biyu ne ya ɗauki nauyinta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Rasha ita ce garkuwar Kiristocin Gabas, har da ruhubanawan Sina'i. Ya isa a ƙarshen Janairu 1859, ya duba ko'ina bai ga komai ba, har ya sa a shirya raƙuman komawa. Ran 4 ga watan Fabrairu da yamma ma'ajin gidan ya kira shi ɗakinsa, ya sauko da wani ƙunshi cikin jan ƙyalle. Da aka kwance, sai ga warƙoƙin da ya bari a 1844, ga kuma waɗansu, duka 347. A ciki akwai Sabon Alkawari cikakke, an rubuta shi wajen tsakiyar ƙarni na 4, layi huɗu a tsaye kowane shafi, da manyan baƙaƙe ba tazara tsakanin kalmomi. Har yau babu cikakken Sabon Alkawari da ya girme shi. Akwai kuma Wasiƙar Barnaba, wadda ba a da farkonta cikin Girkanci. Daren nan bai runtsa ba, ya kwana yana kwafarta a hasken fitila.

Ya nemi ya saya, aka ƙi. Sai aka yarda a kai littafin reshen gidan da ke Alƙahira, a riƙa ba shi warƙa kaɗan kaɗan. Shi da waɗansu Jamusawa biyu, likita da mai haɗa magani, suka kwafe layi wajen 110,000 cikin wata biyu. Amma kwafi bai ishe shi ba. Ya kawo shawarar a ba Sarkin Rasha littafin kyauta. An yi dace, ko kuwa rashin dace, gidan yana cikin rikicin shugabanci: ruhubanawan sun zaɓi wani mai suna Kirilus, babban limamin Ƙudus ya ƙi naɗa shi, suna kuwa bukatar goyon bayan Rasha. Kyauta ba za ta yiwu ba sai da tabbataccen shugaba. Saboda haka aka tsaya a kan aro. Ran 28 ga watan Satumba 1859 Tischendorf ya rubuta takarda da hannunsa cikin Girkanci, ya sa hannu, cewa ya karɓi littafin aro don a buga shi, kuma zai mayar da shi lafiya lau da zarar gidan ya nema. Cikin Nuwamba ya miƙa shi ga Sarki. A shekarar ce Leipzig ta naɗa shi cikakken shaihun malami na ilmin tauhidi da na tsohon rubutun Littafi Mai Tsarki.

Bugun ya fito a 1862, juzu'i huɗu, da baƙaƙen da aka ƙera musamman don su yi kama da hannun marubutan farko, aka daidaita fitowarsa da bikin cikar daular Rasha shekara dubu. Ana cikin murna sai wani Bagirke, Constantine Simonides, ya rubuta wa jaridar Ingila cewa ai shi ya rubuta littafin da hannunsa a 1840. Wannan mutum gwanin jabu ne, kuma yana da jiƙaƙƙa da Tischendorf, wanda ya tona asirin wani littafin ƙarya da ya nemi sayarwa a Jamus a 1856. Malamai suka auna maganar suka yi watsi da ita. Littafin da ke ɗauke da gyare-gyare wajen 14,800 na hannuwa daban-daban, kamar yadda Tischendorf ya ƙidaya, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Oxford da Cambridge suka ba shi digirin girmamawa a 1865.

Halinsa na rashin haƙuri ya sake fitowa a Rum cikin 1866. Fadar Paparoma ta ba shi izinin duba tsohon kwafinta, tsaran na Sina'i, awa uku a rana, bisa sharaɗin dubawa kawai. Aka kama shi yana kwafar shafi ashirin ɗungurungum, aka karɓe littafin. Da ƙyar aka ƙara masa kwana shida. Cikin awa 42 ɗin nan duka ya tara abin da ya buga a 1867, wanda ya fi duk bugun da ya gabace shi inganci.

Babban aikinsa shi ne bugu na takwas na Sabon Alkawari, juzu'i biyu, daga 1869 zuwa 1872. Ƙarƙashin kowace aya ya jera abin da kwafin hannu da tsofaffin fassarori da malaman farko suka ce, don mai karatu ya yi hukunci da kansa. A nan mutum zai ga, alal misali, ayoyi goma sha biyu na ƙarshen Markus babu su a kwafin Sina'i da na Rum. Wannan jerin shaidu har gobe masu bincike suna komawa gare shi. Nassin da shi ya zaɓa kuwa bai daɗe haka ba. Ya saɓa wa bugunsa na bakwai a wurare fiye da 3,000, yawanci don ya bi littafin da ya samo. Son abin da ya tsinta ya rinjayi ma'auninsa, malaman da suka biyo baya suka fi karkata ga na Rum.

Cikin 1869 Sarkin Rasha ya ba shi sarautar gado, ya ƙara von a sunansa. A watan Mayu 1873 ya sami shanyewar ɓarin jiki, bai sake iya aiki ba, ya rasu a Leipzig ran 7 ga watan Disamba 1874 yana da shekara 59. Gabatarwar bugu na takwas wani Ba'amurke, Caspar Gregory, ya rubuta ta, ya gama a 1894.

Maganar aro fa? Shekara bakwai littafin yana ajiye a Ma'aikatar Harkokin Waje ta Rasha, alamar gwamnati ta san ba nata ba ne tukuna. Sai a Nuwamba 1869, bayan an tuɓe Kirilus, sabon shugaban gidan ya sa hannu a takardar kyauta, aka biya rubul 9,000 da lambobin girma. Takardun suna nan a Rasha, don haka masu kare Tischendorf suna ganin an gama magana bisa doka. Masu suka kuwa suna nuna cewa kyautar da aka yi bayan kaya sun shekara goma a hannun mai ƙarfi, ga shi ana neman alfarmarsa, sunanta kawai kyauta.

A Disamba 1933 gwamnatin Stalin, da take neman kuɗin waje, ta sayar wa Gidan Tarihi na Ingila littafin a kan fam 100,000, jama'a suka tara fiye da rabin kuɗin ta hanyar karo-karo. A 1964 wani malami, Ihor Sevcenko, ya buga takardar aron nan da ya gani a Sina'i, da hannun Tischendorf a kanta, ruhubanawan kuma suka kafa ta inda baƙi za su karanta. A 1975 ana gyaran wani ɗaki cikin ganuwar gidan aka tono waɗansu warƙoƙin na wannan littafi. Yanzu warƙa 347 suna Landan, 43 suna Leipzig, 'yan guntaye suna St. Petersburg, sauran suna Sina'i. Cikin 2009 wuraren nan huɗu suka haɗa hotunan shafuffukan a intanet.