David Wheeler, Wanda Ya Nuna Wa Firogiram Hanyar Komawa Gida

A Gozaki in ka aiki yaro ya kai wa masu casar masara abinci, sai ka gaya masa inda zai same ka in ya dawo, in ba haka ba ya yi ta bulayi a gonakin mutane. Irin wannan matsalar ce David Wheeler ya warware wa kwamfuta, ga shi mu da muke kiran fankishin kullum a lab ko sunansa ba mu sani ba.

An haife shi a Birmingham ta Ingila a 1927, ya karanta lissafi a Jami'ar Cambridge, sannan ya shiga ayarin Maurice Wilkes masu gina kwamfutar EDSAC, wadda ta fara aiki a watan Mayun 1949. Lokacin injin ba shi da umarnin kira da dawowa, tsalle kawai ya iya. Dabarar Wheeler ita ce mai kira ya ajiye adireshin inda yake a akumuleta kafin ya yi tsalle. Shi kuma fankishin ɗin da aka kira ya ɗauki adireshin, ya ƙara masa lamba, ya mayar da shi umarnin tsalle, ya rubuta a ƙarshen kansa. Wato firogiram na gyara jikinsa yana tsakiyar aiki. Yau ka yi haka a firojet, malami sai ya tambaye ka ko lafiya.

Tana da aibi dai: gurbin adireshin ɗaya ne tak, in fankishin ya kira kansa sai sabon ya goge tsohon, hanya ta ɓace. Sai da aka koma tara adireshi a sitak, ɗaya bisa ɗaya kamar buhuna a sito, na ƙarshe shi ake fara saukewa. Yarjejeniyar nan ta ina za a ajiye saƙo, wa zai kwashe, tana nan har gobe: a Linux mai x86-64 lambobi shida na farko a rejista ake miƙa su, ragowar a sitak.

A 1951 ya sami digirin dakta, shekarar kuma littafinsu da Wilkes da Stanley Gill kan rubuta firogiram ya fito. Daga baya shi da Michael Burrows suka fitar da dabarar da bzip2 ke matse fayil da ita. Ya rasu ran 13 ga Disamba 2004, yana kan kekensa zai koma gida daga ɗakin bincike.