Jim Clark: Ɗan Manomin Da Ya Zama Zakaran Tseren Motoci Na Duniya

A filin tarihin fitattun mutane na wannan fitowa mun kawo muku labarin wani mutum da ya mutu fiye da shekara hamsin da suka wuce, amma har yau masana tseren motoci suna sa shi a sahun gaba. Sunansa Jim Clark. Mun zaɓe shi ne saboda ɗan ƙauye ne, manomi ɗan manomi, wanda ya yi kiwon tumaki kamar yadda da yawa daga cikinmu suke yi a Roni da Gwiwa da Babura idan an tashi daga makaranta.

Mene ne Formula 1?

Formula 1 ita ce gasar tseren motoci mafi girma a duniya. An fara ta a shekarar 1950. Motocinta ba irin waɗanda muke gani a tashar Kazaure ba ne. Kujera ɗaya ce tak a ciki, ta direba. Ba rufi, ba ƙofa, tayoyin kuma a waje suke. Ana yin tseren ne a wata hanya ta musamman wadda take zagayowa ta dawo inda ta fara, sai motoci su yi ta zagaye har adadin da aka yanka ya cika. A kowace shekara ana yin tsere a ƙasashe daban-daban, ana ba direbobi maki. Wanda ya fi kowa maki a ƙarshen shekara shi ne zakaran duniya.

Haihuwarsa da tashinsa

An haifi Jim Clark ranar 4 ga Maris, 1936, a ƙauyen Kilmany da ke Sikotilan, a arewacin Birtaniya. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji. A 1942 iyayensa suka koma wata gona mai suna Edington Mains, kusa da garin Duns. A nan ya girma cikin tumaki, a nan kuma ya koyi tuƙa tarakta tun yana ƙarami. Ya yi karatu a makarantar kwana ta Loretto, amma yana ɗan shekara 16 ya dawo gida don ya kama wa mahaifinsa aikin gona.

Iyayensa ba su so ya shiga tseren mota ba. Ba za mu ga laifinsu ba, domin shi kaɗai ne zai gaji gonar, ga shi kuma a wancan zamani tsere yana cin rayuka sosai. Wani abokinsa, Ian Scott-Watson, shi ne ya ara masa wata ƙaramar mota ƙirar DKW. Da ita ya shiga tserensa na farko a Crimond a watan Yuni na 1956, kuma shi ya zo na ƙarshe. Bai karaya ba. Bayan shekara biyu har yana tuƙa babbar motar Jaguar wa wata ƙungiyar yankinsu mai suna Border Reivers.

A ƙarshen Disamba na 1958 ya yi tsere a Brands Hatch da ke Ingila. Wanda ya zo na ɗaya a ranar shi ne Colin Chapman, mai kamfanin motocin Lotus, Clark kuma ya zo na biyu a irin motar da Chapman ɗin ya ƙera. Tun daga nan Chapman ya sa masa ido. Daga baya ya ɗauke shi, kuma duk tseren Formula 1 da Clark ya yi a rayuwarsa a motar Lotus ya yi shi.

Shigarsa babbar gasa

Ya fara Formula 1 a ƙasar Holan a watan Yuni na 1960, wata huɗu kafin Najeriya ta samu 'yancin kai. Yana ɗan shekara 24 a lokacin. Tserensa na biyu a Spa aka yi, a ƙasar Beljiyam, kuma a wannan rana ya ga abin da bai taɓa mantawa ba. Direbobi biyu matasa, Chris Bristow da Alan Stacey, suka mutu a cikin tseren. Stacey abokin aikinsa ne a Lotus. Clark ya gama na biyar, amma ya tsani hanyar Spa har ƙarshen rayuwarsa.

A Satumba na 1961 wani abin ya sake faruwa a Monza ta Italiya. Motarsa ta gogi ta wani Bajamushe, Wolfgang von Trips. Motar Bajamushen ta yi sama ta faɗa wajen 'yan kallo. Von Trips ya mutu, 'yan kallo 15 ma suka mutu. Clark ya fita da ransa, amma abin ya daɗe yana damunsa.

Shekarun nasara

A 1962 Chapman ya fito da sabuwar mota, Lotus 25. Ba ta da nauyi, kuma direba kusan a kishingiɗe yake tuƙa ta don kada iska ta rage mata gudu. Da ita Clark ya samu nasararsa ta farko, a Spa ɗin nan da ba ya so. Saura ƙiris ya zama zakara a wannan shekara. Yana gaba a tseren ƙarshe a Afirka ta Kudu, sai baƙin mai ya fara yoyo daga injinsa, dole ya tsaya. Graham Hill ya ɗauki kambun.

A 1963 ba wanda ya iya da shi. An yi tsere 10, ya cinye 7. A Spa ruwan sama ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, amma ya riga wanda ya zo na biyu da kusan minti biyar. Ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 27, kuma kafin shi ba a taɓa samun zakara mai ƙarancin shekaru haka ba. A 1964 baƙin mai ya sake yi masa tsiya a Meziko, a zagayen ƙarshe na tseren ƙarshe, kambun ya tafi hannun John Surtees.

Shekarar 1965 ita ce babbar shekararsa. Ya cinye tsere 6 ya sake zama zakaran duniya. A watan Mayu kuma ya je Amurka ya cinye shahararren tseren nan na Indianapolis mai tsawon mil 500, wato kilomita 800 da 'yan kai. Wannan kamar a yi tafiyar Kano zuwa Kazaure ne kusan sau goma, amma shi ya gama cikin awa uku da minti 19. A cikin zagaye 200 da aka yi, shi ne a gaba a 190. Har yau ba wani direba da ya haɗa waɗannan nasarori biyu a shekara ɗaya sai shi.

Sirrin tuƙinsa

Idan muka ji an ce mutum ya fi kowa gudu, sai mu ɗauka mai ganganci ne. Clark ba haka yake ba. Kanikawansa sun shaida cewa yana lallaɓa mota. Ba ya fizgar sitiyari, ba ya dankara birki, ba ya wahalar da giya. Saboda haka tayoyinsa da birkinsa sun fi na abokan aikinsa daɗewa, duk da ya fi su sauri.

Ga misali. A tseren Birtaniya na 1965 a Silverstone, yana gaba sai ya lura baƙin mai ya yi ƙasa a injinsa, kuma a kan kwana ne injin yake rasa man. Da wani ne sai ya ci gaba da taka totur har injin ya buga. Shi kuwa sai ya riƙa kashe injin idan zai shiga kwana, motar ta gangara da kanta, idan ya fita ya sake kunnawa. Haka ya yi ta yi har ya gama, ya riga Graham Hill da daƙiƙa uku kacal.

A Monza kuma a 1967 tayarsa ta yi faci yana gaba. Kafin a canza ta, sauran motoci sun wuce shi da zagaye guda cur. Ya dawo ya riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya har ya sake zama na farko. A zagayen ƙarshe fetur ya gaza masa, ya gama na uku. Mutane da yawa suna ganin wannan tsere da bai ci ba ya fi waɗanda ya ci nuna gwanintarsa.

A wajen mota kuwa mutum ne mai kunya, ba ya son hayaniya, har an san shi da cizon farce. A shekarunsa na farko, da an gama tsere sai ya koma gona wajen tumakinsa.

Mutuwarsa

Ranar 1 ga Janairu, 1968, ya cinye tseren Afirka ta Kudu a Kyalami. Wannan ce nasararsa ta 25, ya wuce Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina mai 24, wanda shi ne ya fi kowa a da. Ba wanda ya san ita ce ta ƙarshe.

Ranar 7 ga Afrilu, 1968, ya shiga wani tsere na Formula 2, wato ajin da ke ƙasa da Formula 1, a Hockenheim ta ƙasar Jamus. Hanyar ta ratsa cikin daji, kuma a jiƙe take. A zagaye na biyar motarsa ta ƙwace tana tsananin gudu, ta bar hanya ta daki bishiyoyi. Babu shinge tsakanin hanyar da dajin. Ya mutu yana da shekara 32. Masu bincike sun fi zaton tayar baya ce ta sace.

An binne shi a Chirnside, kusa da gonarsu. A jikin dutsen kabarinsa an fara ambaton cewa manomi ne, sannan aka kawo zancen zama zakaran duniya. A tsere 72 da ya yi a Formula 1 ya cinye 25, sau 33 kuma shi ya fara daga layin farko a matsayi na ɗaya. Yanzu akwai gidan tarihi da sunansa a garin Duns.

Mutuwarsa ta girgiza sauran direbobi, domin sun ga idan har Clark zai mutu a mota, to babu wanda ya tsira. Cikin wata uku bayansa wasu sanannun direbobi uku suka sake mutuwa. Ɗan ƙasarsu kuma abokinsa, Jackie Stewart, ya tsaya tsayin daka sai an gyara. A hankali aka sa shingen ƙarfe a gefen hanyoyi, aka tanadi likitoci a wajen tsere, aka wajabta ɗaura bel, aka inganta hular kwano. A Hockenheim ma an ƙara kwanoni don rage gudu.

Abin da ya shafe mu

Mun san yadda wasu samari suke wasa da babur ko mota ranar ɗaurin aure da lokacin Sallah, a cikin gari ko a kan titin Kano zuwa Daura. Wani ya saki hannu, wani ya ɗaga tayar gaba, ba hular kwano, yara kuma suna gefe suna tafi. Wasu daga cikinmu har sha'awarsu suke yi, suna cewa gwanaye ne.

Mu duba da kyau. Jim Clark yana sanye da hular kwano. Hanyar da yake bi an rufe ta, ba mai tahowa ta gabansa, ba tirela, ba amalanke, ba akuya, ba yaro mai talla. Kanikawa suna duba motarsa kafin ya hau. Shi ne kuma direban da ya fi kowa iyawa a duniya. Duk da haka, a zaton masu bincike, taya ɗaya ta ishe shi. To ina ga wanda ya ari babur ɗin yayansa mai sanƙon taya, ya shiga cikin jama'a?

Idan aka yi haɗari mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, rai a hannun Allah yake. Amma abokan Clark ba su tsaya a nan ba, sun tashi sun sa shinge, kuma mutuwa a tsere ta ragu ƙwarai. Rigakafi ya fi magani.

Wanda yake son mota a cikinmu, akwai hanya. Chapman injiniya ne, da lissafi da kimiyya ya ƙera motar da Clark ya yi suna da ita. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu nan a Kazaure, ga kuma garejin kanikawa a kowane gari. Kafin mu kai can, idan za mu hau babur mu ce wa mai tuƙin ya bi a hankali, idan kuma aka fara wasan ganganci a unguwa mu ja ƙannenmu mu bar bakin titi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.