Khalil bin Ahmad: Malamin da ya kusanto da rubutun Larabci ga furuci

An haifi Khalil bin Ahmad al-Farahidi a ƙasar Oman wajen shekarar 718. Ya tashi a birnin Basra na Iraƙi, inda ya yi karatu a wurin manyan malaman lugga irin su Abu Amr bin al-Ala.

A farkon al'amari ba a sanya gajerun wasula a rubutun Larabci. Balarabe kan cike gurbinsu daga harshen da ya tashi da shi. Da Musulunci ya bazu cikin Farisawa da sauran al'ummu, sai kuskure ya yawaita, har a karatun Alƙur'ani, inda wasali ɗaya ke iya juya ma'anar aya. Abul Aswad ad-Du'ali ya fara magance matsalar da ɗigo masu launi. Daga baya aka ƙaro wasu ɗigon don rarrabe baƙaƙe masu kama da juna, shafi ya cika da ɗigo iri biyu.

Khalil ya duba yadda ake furta sautin, ya ciro alamar kowane wasali daga harafin da ke jan sa: ƙaramin alifi a kishingiɗe ya zama fataha, ƙaramin wawu ya zama rufu'a, kisira ta fito daga harafin ya. Shadda kuwa kan harafin shin ce. Da haka mai koyo ya sami abin da zai bi harafi bayan harafi, gwani kuma ya ci gaba da gane kalma daga siffarta da muhallinta. Shi ya sa har yau jaridun Larabci ke fita babu wasula, Alƙur'ani da littattafan yara kuwa a cike da su. Ajamin Hausa ma kan waɗannan alamomi ya dogara, su ne farfarun da ɗalibin allo ke shiga bayan babbaƙu.

A ƙamus ɗinsa, Kitabul Ain, ya jera haruffa bisa mafitarsu, daga maƙogwaro zuwa leɓɓa. Shi ne kuma ya kafa ilimin aruli, ya fitar da ma'aunan waƙa 15. Ɗalibinsa Sibawaihi ya gina shahararren littafinsa na nahawu bisa koyarwarsa.

Ya rayu cikin talauci da gudun duniya, ya rasu a Basra wajen shekarar 786.