Ladi Kwali: Maginiyar Tukwane Da Ke Bayan Naira Ashirin

Duk wanda ya juya takardar Naira ashirin, wadda aka fitar da ta leda a shekarar 2007, zai ga wata mace tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali. An haife ta wajajen 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, wanda yanzu ke cikin Yankin Birnin Tarayya. Ɗalibin Hausa zai lura cewa sunan Ladi na 'yar da aka haifa ranar Lahadi ne, Kwali kuwa sunan garinsu ne ya bi ta.

Wajen gwaggonta ta koyi sana'ar tun tana yarinya. Ba da inji ake yi ba: a murza yumɓu ya yi tsawo, a riƙa ɗora shi zagaye bisa zagaye, ana dannawa da yatsu, maginiya na kewaya tukunyar har ta tashi. Sannan ta zana mata ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi ko tsuntsu. Kyan aikinta ya sa Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa, a nan ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yau.

Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juyawa, da shafa man ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin zafi, amma ba ta bar randunanta na hannu ba. A nan ne fa abin dubawa yake. Randar gargajiya tana tsattsafo, shi ya sa ruwanta ke sanyi. Da aka shafe ta da man ƙyalli aka gasa ta ta yi tauri kamar dutse, sai ta yi nauyi, ta daina sanyaya ruwa, kuɗinta ya fi ƙarfin matan ƙauye. Ta tashi daga kayan amfani ta koma kayan ado na masu hali. A ganina riba ce ga Ladi, amma randar ta bar hannun masu ita.

An baje kolin ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zagaya Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Ko da yake ba ta yi karatun boko ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin Nijeriya kuma ta ba ta lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Akwai titi mai sunanta a Abuja.